Darasi na 14: Gadon da ƙwari suka samo daga bakteriya

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke rubuce cikin sinadarin DNA a tsakiyar ƙwayoyin halittarta. Su ne ke tsara siffar jiki da launinsa, da irin abincin da ciki zai iya narkarwa, da gubar da jiki zai iya jurewa. Hanyar da kowa ya sani ta samun wannan gado ita ce daga iyaye zuwa 'ya'ya: akuya ta haifi akuya, ƙwayar gero ta tsiro gero. Wannan shi ne gadon tsaye. Akwai kuma gadon gefe, inda ƙwayar gado ke tsallakawa daga wata halitta zuwa wata wadda ba ta haife ta ba, sau da yawa ma ba su haɗa dangi ba ko kaɗan.

A tsakanin bakteriya gadon gefe abu ne na yau da kullum. Frederick Griffith ya fara ganin alamarsa a Ingila a 1928, lokacin da bakteriyar ciwon huhu marar lahani ta koma mai kisa bayan an gauraya ta da matattun 'yan'uwanta masu lahani. A 1959 likitoci a Japan suka gano cewa bakteriyar atuni tana karɓar ƙarfin bijire wa magani daga wata bakteriyar hanji daban. Ta wannan hanya ce magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke rasa kaifinsu a asibitoci har yau. Game da dabbobi kuwa, masana sun daɗe suna ganin abin ba zai yiwu ba sai nadiran. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Dabba tana da miliyoyin ƙwayoyin halitta, amma na ƙwai da na maniyyi kaɗai ke kai gado ga 'ya'ya. Idan baƙuwar ƙwayar gado ta shiga tantanin hanji ko na fata, ranar da dabbar ta mutu ita ma ta mutu. Sai da aka fara karanta dukkan DNA na ƙwari, daga farkon wannan ƙarni, aka ga shingen yana da ƙofofi.

Farin ƙuda a bakin Shuɗin Nilu

Misali na farko yana ƙasar Sudan. Soba tana bakin Shuɗin Nilu, kudu maso gabas da tsakiyar Khartoum. A gabar gabas akwai kufan babban birnin daular Alwa, a gabar yamma kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Khartoum da babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasar Sudan. A gefen kogin manoman rani na shuka tumatir da kuɓewa da yalo da kankana domin kasuwannin Khartoum da Omdurman. Duk wanda ya girgiza ganyen tumatir a irin waɗannan gonaki zai ga wasu fararen ƙwari ƙanana sun tashi kamar ƙura. Shi ne farin ƙuda, wanda masana ke kira Bemisia tabaci. Tsawonsa kusan milimita ɗaya ne. An fara bayyana shi a rubuce a ƙasar Girka a 1889, a kan ganyen taba, kuma yanzu an san yana cin tsirrai fiye da iri 600. Shi ne ke yaɗa cutar da ke ƙanƙance ganyen rogo a Najeriya, da cutar naɗewar ganyen tumatir da manoman Kadawa da na Soba duk suka sani.

Sudan ta fi yawancin ƙasashe sanin sharrinsa. Hanyar da ta ratsa Soba ta nufi Wad Madani tana shiga yankin Jazira, inda aka kafa babban shirin noman auduga bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Hausawa da Fulani da yawa, mahajjata da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno, sun yi ƙwadago a waɗannan gonaki. A nan ne T. W. Kirkpatrick ya tabbatar, wajen 1931, cewa farin ƙuda ke ɗaukar cutar naɗewar ganyen auduga daga tsiro zuwa tsiro. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa maganin ƙwari na DDT, yawan feshi ya yi ta ƙaruwa har ya kai sau takwas ko tara a kakar noma ɗaya a ƙarshen shekarun 1970. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cinye farin ƙuda, shi kuwa ya koyi jurewa, ya zama babban maƙiyin auduga. Kashinsa mai zaƙi da danƙo ya riƙa ɓata kaɗa, tana manne wa injinan gurza da na kaɗi, darajar audugar Sudan ta faɗi a kasuwar duniya. Wannan ya sa aka soma shirin yaƙi da ƙwari ba da feshi kaɗai ba a 1979, tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ya kamata a bambance abu biyu tun daga nan. Jure wa maganin feshi da farin ƙudan Jazira ya yi ya samo asali ne daga sauye-sauye a ƙwayoyin gadonsa na asali, waɗanda feshin ya zaɓa ya bar masu su a raye. Wannan gadon tsaye ne, kuma ya faru cikin 'yan shekaru. Gadon gefe ya amsa wata tambaya da ta girmi noma kanta: ta yaya ƙwaro ke rayuwa a kan ruwan ganye kaɗai, kuma a kan tsirrai masu yawa haka?

Abin da ruwan ganye ya rasa

Farin ƙuda ba ya tauna ganye. Yana soka siririn bakinsa cikin jijiyar da ke ɗaukar abinci a jikin tsiro ya tsotsi ruwan. Ruwan nan akasarinsa sukari ne, shi ya sa ƙwaron ke zubar da rarar a matsayin wancan danƙo. Abin da ruwan ba shi da shi da yawa su ne wasu tubalan furotin da ake kira amino asid, kusan goma daga cikinsu babu dabbar da ke iya haɗa su da kanta, da kuma bitamin na rukunin B. Mutum yana samun su daga wake da nama da nono. Ƙwaron da bai da abinci sai ruwan sukari dole ya samo su a wani wuri.

A cikin farin ƙuda akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke cike da wata bakteriya mai suna Portiera. Ba ta iya rayuwa a waje, shi ma ba ya iya rayuwa in babu ita. Uwa tana saka ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin halitta, da bakteriyar da ke cikinta, a cikin kowane ƙwai. Aikin Portiera shi ne haɗa amino asid ɗin da ruwan ganye ya rasa. Sai dai zaman miliyoyin shekaru a cikin jikin ƙwaro ya sa ta zubar da mafi yawan ƙwayoyin gadonta. Bakteriyar hanjin mutum tana da fiye da 4,000, Portiera kuwa abin da ya rage mata bai kai 300 ba. Cikin waɗanda suka lalace har da wasu da ake bukata domin kammala haɗa laisin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ba makawa sai da su.

Da masana suka duba DNA na ƙwaron kansa a 2015, sai suka tarar da ƙwayoyin gadon da suka ɓace daga Portiera suna zaune a cikin nasa, suna aiki sosai a daidai ƙwayoyin halittar da bakteriyar ke ciki. Tsarinsu na bakteriya ne, ba irin na dabbobi ba. Abin lura shi ne ba daga Portiera suka fito ba. Sun zo ne daga wasu bakteriyoyi daban da suka taɓa zama a jikin kakannin ƙwaron, wasunsu dangin Rickettsia da Cardinium. Ke nan haɗa laisin aiki ne na hannu biyu: bakteriyar ta yi wasu matakai, ƙwaron ya ƙarasa da kayan aikin da ya samo daga wata bakteriyar ta uku. A 2016 aka karanta dukkan DNA na wani nau'in farin ƙuda, aka ƙirga ƙwayoyin gado 142 da suka shigo ta gefe, 64 daga bakteriya, 78 daga naman gwari da danginsa.

Samun ƙwayar gado a wuri bai isa hujjar cewa tana da amfani ba, don haka aka gwada. Akwai uku da ke haɗa bayotin, wani bitamin na rukunin B. Masu bincike a China sun rufe bakinsu a 2020, sai bayotin ya ragu a jikin ƙwarin, mata suka rage ƙwai, mace-mace ta ƙaru. Da aka ba su bayotin a abinci, suka farfaɗo. An sami irin wannan sakamako da laisin.

Yadda ƙwayar gado ke tsallakawa

Mabuɗin al'amarin shi ne kusanci da ƙwai. Bakteriyar da aka fi samu a wannan harka ita ce Wolbachia, wadda Marshall Hertig da Burt Wolbach suka fara gani a jikin sauro a 1924. Ana ƙiyasin tana cikin kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya, kuma mazauninta cikin ƙwayoyin haihuwa ne, domin ta ƙwai take bi daga uwa zuwa 'ya'ya. Bakteriya tana mutuwa ta fashe, guntayen DNA ɗinta su watsu a cikin ƙwayar halittar da ta zauna. A gefe guda, zaren DNA na ƙwaron yana tsinkewa lokaci-lokaci, kuma injin gyaran da ke ɗinke shi ba ya tambayar asalin guntun da ya samu kusa. In hakan ya faru a ƙwayar da za ta zama ɗa, baƙon guntun ya shiga gado ke nan. Ƙwayoyin cutar bairos da wasu guntayen DNA masu tsalle daga wuri zuwa wuri su ma suna iya ɗaukar kaya su kai.

Shaida ta farko mai ƙarfi ta fito daga Japan a 2002, a jikin ƙwaron da ke huda wake a rumbu, Callosobruchus chinensis, ɗan'uwan wanda ke ɓarna a buhunan wake a Dawanau. An ba ƙwarin maganin kashe bakteriya, Wolbachia ta mutu, amma DNA ɗinta ya ƙi ɓacewa. Bincike ya nuna guntun yana manne ne a kuromosom ɗin X na ƙwaron, wato ɗaya daga cikin dunƙulallun zarurrukan DNA ɗinsa, kuma ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na dukkan gadon bakteriyar. A 2007 Julie Dunning Hotopp da abokan aikinta a Amurka suka sami kusan dukkan gadon Wolbachia kwance cikin kuromosom na wani ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila ananassae. Uba ma yana iya ba da shi, abin da bakteriyar mai rai ba ta yi. Ƙudan tsando mai kawo sammore ga shanu, wanda aka daɗe ana nazarin cutarsa a Soba da Kaduna, shi ma an sami manyan guntayen Wolbachia a kuromosom ɗinsa lokacin da aka karanta gadon nau'in Glossina morsitans a 2014.

Mafi yawan waɗannan guntaye matattu ne. A ƙwaron wake akasarin ƙwayoyin gadon da suka shigo sun riga sun ruɓe da kurakurai, a ƙudan 'ya'yan itace kuma kaɗan ƙwarai ake ko karantawa. Dalili shi ne alamomin da ke cewa a fara karatu ko a tsaya sun bambanta tsakanin bakteriya da dabba. Ƙwayar gadon da ta shigo kamar baƙo ce a garin da ba ta jin harshensa: sai ta dace da masauki kusa da wata alamar farawa ta ƙwaron, ta kuma ɗauki salon rubutun gida, kafin a sa ta aiki. Waɗanda suka daɗe sukan sami wasu tsakuren DNA da ake kira inturon, waɗanda dabbobi ke da su bakteriya ba ta da su, kuma an lura masu inturon sun fi aiki da ƙarfi. Bayan haka sai zaɓin yanayi ya yi hukunci. In ƙwayar ta sa mai ita ya fi 'yan'uwansa haihuwa, za ta yaɗu cikin zuriya, in ba haka ba ta shuɗe.

Abinci, guba da aure

Waɗanda suka tsira yawanci suna toshe wani giɓi ne a rayuwar ƙwaron. Ƙwaron da ke huda ƙwayar gahawa, Hypothenemus hampei, asalinsa daga tsakiyar Afirka yake, kuma yanzu ya addabi kusan duk ƙasashen da ke noman gahawa. Ƙwayar gahawa tana ajiye abincinta a wani nau'in sitaci mai tauri da ƙwari ba sa iya narkarwa. A 2012 cibiyar binciken gahawa ta Kolombiya ta nuna cewa wannan ƙwaro yana da sinadarin narka shi, kuma ƙwayar gadon da ke yin sinadarin daga bakteriya dangin Bacillus ta fito. Wani ɗan'uwansa na kusa da ba ya cin gahawa ba shi da ita. Haka wasu buzuzun ganye suka sami abin narka bangon ƙwayoyin tsiro.

Ta fuskar guba, tsirrai da dama, ciki har da rogo mai ɗaci, suna sakin sayanaid idan an tauna su. Tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsu suna da wata ƙwayar gado ta bakteriya da ke mayar da wannan guba abu marar lahani. Wasu ƙudajen 'ya'yan itace kuma sun karɓi ƙwayar gadon da ke yin guba, suna kashe ƙwan zanzaron da ke yi musu ƙwai a jiki.

Ƙwaron nan mai farin gari da ke manne wa lemo, Planococcus citri, ya fi farin ƙuda rikitarwa. A cikinsa akwai bakteriya, a cikin bakteriyar akwai wata bakteriyar, kuma binciken 2013 ya nuna ƙwaron na tallafa musu da ƙwayoyin gado aƙalla 22 da ya tara daga wasu bakteriyoyi da suka daɗe da barin jikinsa.

Bincike mafi faɗi ya fito a 2022 daga Jami'ar Zhejiang ta China tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. An duba gadon nau'o'in ƙwari 218, aka sami baƙin ƙwayoyin gado 1,410 da suka shigo a karo 741 daban-daban, mafi yawansu daga bakteriya. Malam-buɗe-littafi da danginsa suka fi kowa tarawa. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, wadda ta fito daga bakteriya dangin Listeria, tana cikin kusan dukkansu. Da aka cire ta daga ƙwaron da tsutsarsa ke cin kabeji, sai mazan suka rage neman mata ƙwarai, haihuwa ta ragu. Yadda ƙwayar gadon bakteriya, halittar da ba ta aure, ta koma shafar zawarcin ƙwaro, tambaya ce da masana ke kan bincika.

Idan aka auna da ƙwayoyin gado dubu goma sha da kowane ƙwaro ke da su, adadin na gefe ƙanƙane ne, kuma kuskure ne a ce su ke tafiyar da sauyin halittar ƙwari. Muhimmancinsu yana wani wuri. Gadon tsaye yana gyara abin da ke akwai ne kaɗan-kaɗan. Gadon gefe yana kawo kayan aiki cikakke, wanda bakteriya ta riga ta ƙera cikin dogon zamani, ya buɗe wa ƙwaro abincin da a da ba ya iya ci.

Hattara da gurɓata

Fannin nan yana da tarko. Duk ƙwaron da aka niƙa domin ciro DNA yana ɗauke da bakteriya a hanji da bisa fata, kuma injin karatu ba ya bambance nasu da nasa. A 2001, da aka fara wallafa gadon ɗan Adam, an ce ƙwayoyi fiye da 200 daga bakteriya suka zo, daga baya akasarin da'awar ta rushe. A 2015 wasu masana suka ce kashi 17 cikin 100 na gadon wata mitsitsiyar dabbar ruwa baƙo ne, sai masu bincike a Edinburgh suka nuna akasarinsa gurɓata ce. Saboda haka kafin a yarda, ana neman a ga ƙwayar a manne da DNA na ƙwaron hagu da dama a zare ɗaya, a ga ta rage bayan an kashe bakteriyar, a ga 'ya'ya sun gaje ta bisa ƙa'ida, sannan bishiyar dangantaka ta ajiye ta cikin bakteriya.

Amfani ga manomi

Farin ƙuda bai tsaya ga bakteriya ba. A 2021 masana a Beijing, tare da Ted Turlings na Jami'ar Neuchâtel a Suwizalan, suka nuna yana da wata ƙwayar gado da ya samo daga tsiro. Tsirrai kamar tumatir suna yin wata guba domin kare kansu daga ƙwari, suna kuma da ƙwayar gadon da ke kashe kaifin gubar don kada ta cuce su. Ita ce kakannin farin ƙuda suka samu miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma tana daga cikin dalilan da ya sa yake iya cin tsirrai iri-iri. Masu binciken sun ƙera tumatir mai fitar da wani ɗan sinadari da ke rufe bakin wannan ƙwaya a jikin ƙwaron. Kusan duk farin ƙudan da ya tsotsi ganyen ya mutu da gubar tumatirin kansa, wasu ƙwarin da aka gwada a kan ganyen kuwa ba abin da ya same su.

Hikimar ita ce ƙwayar gadon da ta shigo ta gefe ta keɓanta da zuriyar da ta karɓe ta. Ƙudan zuma ba shi da ita, ƙwarin da ke cinye farin ƙuda ma ba su da ita, don haka maganin da ya nufe ta ba zai maimaita ɓarnar da feshi ya yi a Jazira ba. Ana gwada wannan dabara a kan ƙwayoyin bayotin da laisin ma. Har yanzu dai aikin a ɗakin gwaji yake, bai kai gonar kowa ba, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya dagula ayyukan bincike a Khartoum da Wad Madani.

Ɗan Adam shi ma yana yin gadon gefe da gangan. Audugar Bt, wadda Sudan ta fara nomawa a 2012, tana ɗauke da ƙwayar gado daga bakteriyar ƙasa Bacillus thuringiensis, mai kashe tsutsar da ke huda ƙwallon auduga. Waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019 yana da irinta domin tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Gubar Bt ba ta taɓa farin ƙuda, domin tsutsotsi masu tauna take kamawa, shi ya sa gonar audugar Bt ke bukatar sa ido a kan masu tsotso. Dankalin Hausa kuwa, kamar yadda aka gano a 2015, yana ɗauke da ƙwayoyin gadon bakteriyar Agrobacterium a dukkan irin da ake nomawa da aka bincika, kuma sun shiga jikinsa ne dubban shekaru kafin a gina ɗakin gwaji na farko.